Bas ɗinka ta OMSI 2 lafiyarta ƙalau, iska ce ba ka jira ba

Wani ƙanenmu daga Karantina a Jidda ya aiko da tambaya. Ya sayi OMSI 2, wasan kwamfuta na tuƙin bas, ya ƙara kuɗi ya sayi wata bas ta zamani irin waɗanda ake ɗorawa a kan wasan daga baya, amma tun da ya ɗora ta bai ji daɗinta ba. In ya tayar da ita sai ta yi ta ƙara ta ƙi motsi, allon gabanta babu rubutu, fasinjoji su tsaya suna kallonsa ba su shiga ba. Ranar da suka shiga kuwa sai masifa da Jamusanci, can kuma wasan ya rufe kansa. Yana so ya san ko cutarsa aka yi, ko dole sai ya sayi sitiyari, da kuma ko wasan zai taimake shi in ya tashi neman lasisin babbar mota.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba a cuce ka ba. Ni direban bas ne a nan Makka, na yi shekaru ina ɗaukar ma'aikata da asuba, lokacin Hajji da azumi kuma ina jigilar baƙin Allah, sannan da daddare in na samu sarari ina zama gaban kwamfuta in sake tuƙa wata bas ɗin, abin da matata ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, mutum ya wuni a aiki ya dawo gida ya yi aikin kyauta. Duk abin da ka lissafa ya same ni. Rabinsa halin wasan ne, tsoho ne mai rigima. Ɗaya rabin kuwa halin bas ne na gaskiya, kuma shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa ba tare da ka sani ba.

OMSI 2 ya fito ne a Disamba 2013. Jamusawa biyu suka gina shi, Marcel Kuhnt da Rüdiger Hülsmann, kamfanin Aerosoft ya ɗauki nauyin sayarwa. Abin da ke ransu shi ne su dawo da unguwar Spandau ta birnin Balin kamar yadda take tsakanin 1986 da 1994, da motocin MAN masu bene irin SD200 da SD202, har da canjin da aka samu bayan rushewar katangar Balin a 1989. In ka matsar da kwanan wata gaba, layin 92 sai ka tarar ya koma 137. Mutanen da suka tsaya kan irin wannan ƙaramin abu ba za su bar ka ka danna maɓalli ɗaya mota ta tashi ba. Kowace bas a wasan tana da nata rubutaccen tsari da ke lissafa wuta da iska da giya da ƙofofi, kuma masu yin motocin ƙari, wato waɗanda ake ɗorawa daga baya, suna gasa ne a kan wanda tasa ta fi kama da ta titi. Shi ya sa wanda ya saba da Bus Simulator 21 ko BUSSID na waya yake shan mamaki, can ana lallaɓa ka, nan ba ruwan kowa da kai.

Bari mu fara daga tayarwa. Danna E sau ɗaya, wannan shi ne ba ta wuta. Kada ka yi saurin danna komai, bar fitilun gaban direba su kunnu su gama gwajin kansu, a motocin zamani ƙaramin allon da ke tsakanin agogo yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya natsu. Tabbatar giya na kan N, sannan ka danne M har injin ya kama. In ka danna E babu abin da ya haska, to motar tana da babban makunnin batir, wani a gefen kujera yake, wani sai ka fita waje ka buɗe murfinsa. Wannan sai littafin motar, PDF ɗin nan da ya zo da ita wanda na tabbata ba ka buɗe ba. Buɗe shi ko da Jamusanci ne, hotunan kaɗai sun wadatar. A can kuma za ka ga lambar sirrin na'urar tikiti, don da yawa daga motocin ƙari ba sa yin komai sai direba ya shigar da ita.

Yanzu ƙarar da ta dame ka. Birkin babbar mota ba na mai ba ne kamar na Kamri ko Hilos, na iska ne. Injin yana juya kwamfireso, kwamfireso yana cika tankuna, da wannan iskar ake taka birki, da ita ake buɗe ƙofa, da ita motar ke tsayuwa a kan balan-balan ɗin da ke maimakon sifirin. Hambirki kuwa aikinsa a juye yake: wani ƙaƙƙarfan sifirin ne ke danne birkin tayoyin baya a kowane lokaci, iska ce ke ture shi ta saki taya. Ma'ana in babu iska, mota a ɗaure take, ko ka sauke sandar hambirki sau goma. An yi haka da gangan, don in tiyo ya fashe a kan gangare motar ta tsaya maimakon ta zarce da mutane. Sai allurar agogon iska ta haura wajen bar 6 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska) sifirin ɗin ke saki, ƙarar ta ɗauke, jar fitila ta mutu. A garejinmu, bayan sallar asuba, za ka ga layin motoci duk injin na gurnani, direbobi a tsaye kowa da kofin shayinsa na takarda, wani yana zaga mota yana buga taya da ƙafa, babu mai shiga ya ja. Iska ake jira. Motar da ta kwana biyu a ajiye takan ci minti uku zuwa biyar. Sabon yaro ne kawai ke shiga ya yi ta taka birki yana gwadawa, kuma kowane taku iskar da ta taru yake zubarwa, ka ji tana "tsss" a ƙasa, allura ta koma baya. Haka kake yi a wasan, na sani. Ɗauke ƙafarka. In kana gaggawa ka ɗan taɓa totur tana kan N, kwamfireso zai ƙara sauri, amma a motar gaske kada bakanike ya kama ka kana yi wa injin mai sanyi haka.

Iska ta cika, ka taka birki, ka danna D, ka saki hambirki da maɓallin ɗigo. Taka birkin nan kafin D wajibi ne a yawancin motocin zamani, in ba ka taka ba maɓallin zai yi ta ƙyaftawa giya ba ta shiga ba. In har yanzu ta ƙi tafiya, akwai birki na uku da mutane ba su san da shi ba, birkin tasha. Shi ne ke riƙe mota muddin ƙofar baya a buɗe take ko an ba ta izinin buɗewa. A tsarin maɓallan da wasan ya zo da shi, alamar rabawa da tauraro na ɓangaren lambobi su ke buɗe ganyayen ƙofar gaba, alamar ragewa kuma ita ce ta birkin tasha da sakin ƙofar baya. Sau da yawa mutum ya danna ta bai sani ba. Sai kuma durƙuso: bas ta zamani tana sauke iskar gefen dama ta sunkuya 'yan santimita don tsoho da mai keken guragu su hau, kuma ba ta tafiya sai ta miƙe. Haka in tsanin keken yana waje. Duba allon gabanka, motar tana gaya maka abin da ya riƙe ta, da hoto ma ba da rubutu ba.

Maganar fasinjojin da suka ƙi shiga, ba laifinsu ba ne. Kai ma in bas ta tsaya maka a Balad, tsakiyar Jidda, babu lamba babu sunan inda za ta, ba za ka hau ba. Mutanen wasan suna karanta allon gaba ne, in babu komai ko yana nuna motar ba ta aiki, sai su yi tsaye. Abin da ke ciyar da allon shi ne wani ɗan fayil mai ƙarewa da .hof, wanda ke ɗauke da sunayen tashoshi da wuraren zuwa da lambobin hanyoyi na taswira guda. Kowace taswira da nata, kuma dole kwafinsa ya kasance cikin foldar motar da kanta. Motar da ka saya daban ba lallai ta zo da na taswirar da kake tuƙi a kai ba. Shiga foldar wasan, ka buɗe Vehicles, ka leƙa foldar motar da ta zo tare da taswirar, ka kwafi fayil ɗin, ka zuba shi a foldar sabuwar motarka. Lokacin da kake ajiye mota a kan taswira wasan zai tambaye ka wanne za ka ɗauka, ka zaɓi wanda ya dace, kada ka ɗauki na Hambog kana tuƙi a Spandau. Fayil ɗin rubutu ne zalla, Notepad na buɗe shi. Ɗana ya taɓa shiga ya canza mini sunaye, na tayar da mota a tsakiyar Jamus na ga allo ya rubuta KURMI, da na juyo ya rubuta SABON GARI. Da ya gwada Ƙofar Mata sai harafin farko ya ɓace, don haruffan allon hotuna ne da aka zana ɗaya bayan ɗaya, babu mai lanƙwasa a cikinsu, balle Larabci.

Bayan fayil sai na'urar da ke gefen direba, IBIS, wadda da ita ake sa rubutu a allon gaba. Kalmomi huɗu za ka haddace. Linie/Kurs shi ne lambar layi, lambobi biyar, ukun farko na layin ne, don haka layin 76 na ƙauyen Grundorf ana rubuta shi 07600. Route ita ce hanyar, zuwa da dawowa kowanne da lambarsa. Ziel shi ne wurin zuwa in kana so ka sa shi da hannu. Eingabe kuma shi ne tabbatarwa, bayan kowace lamba sai ka danna shi. In ka isa ƙarshen layi wasu na'urorin suna juyawa da kansu, wasu sai ka sake shigar da hanyar dawowa, in ka manta za ka yi ta wuce mutane suna kallonka. Shawarata ka koyi wannan duka a Grundorf. Ƙaramar taswira ce, layi ɗaya, ba ta wahalar da kwamfuta, kuma in ka yi kuskure cikin minti goma ka dawo inda ka fara. Wanda ya sayi mota yau ya faɗa da ita tsakiyar Hambog ko Landan da daddare, shi ya jawo wa kansa.

Akwai wani abu da ya shafe mu mutanen Saudiyya musamman. Kwamfutocin da ake sayarwa a nan da yawa an saita Windows ɗinsu a kan Larabci. Fayilolin OMSI kuwa cike suke da haruffan Jamusanci masu ɗigo biyu a kai, kuma wasan tsohon gini ne da bai san tsarin Unicode ba. In Windows ta karanta waɗannan haruffa a matsayin wani abu dabam, sai wasan ya nemi fayil ya rasa alhali yana nan a gabansa. Ka shiga saitin yanki, wurin harshen manhajojin da ba na Unicode ba, ka mayar da shi Jamusanci ko Ingilishi, ka kashe kwamfutar ka kunna. Fuskar Windows ɗinka ba za ta canza ba. Na yi sati biyu ina zagin wata taswira kafin in gane wannan. Sannan in motar kyauta ce ka sauke daga intanet, duba ko ta zo da folda mai suna Fonts, abin da ke ciki sai an zuba shi a Fonts na wasan, in ba haka ba allo zai tsaya baƙi ko da fayil ɗin .hof daidai yake.

Rufewar wasan kuwa daga tushe take. OMSI 2 manhaja ce mai bit 32, irin wannan kuma Windows ba ta ba ta fiye da gigabait 2 na RAM, ko da kwamfutarka na da 32. Mota ta zamani mai kujeru masu zane da allo uku da sautuka barkatai, ga taswira babba, nan da nan wurin ya cika. Alamarsa ita ce gidaje da motoci su fara zama farare fat, daga nan sai saƙon kuskure, sai rufewa. Maganin da kowa ke yi shi ne ƙaramar manhajar nan 4GB Patch, ka nuna mata Omsi.exe ta ɗaga masa iyaka zuwa 4. Ka riƙe a ranka cewa duk ranar da Steam, manhajar da ake sayen wasan a cikinta, ta sabunta shi ko ka sa ta binciki fayiloli, gyaran na iya gogewa, sai ka maimaita. Bayan haka ka rage yawan motocin da ke yawo da kansu, ka rage nisan abin da ake nunawa, ka sa madubai a kan tsarin tattali. Wasan ya fi jingina da ƙarfin firosesa, kusan zuciya (core) ɗaya yake amfani da ita, don haka kada wani mai shago ya sa ka sayi katin hoto mai tsada da sunan zai gyara. In ya sake rufewa, buɗe logfile.txt a foldar wasan ka karanta layukan ƙarshe, yawanci sunan abin da ya ɓata yana nan. Kuma laftof a zafin Jidda, in ba ka ɗaga ta daga kan katifa ba ka busa ƙurar fankarta, ita ma za ta yi nata yajin aikin.

To, mu zo kan masifar da suke maka da Jamusanci, wadda ita ce ainihin tuƙin. Suna ƙorafi in ka makara, in motar ta yi sanyi ko zafi, in dare ya yi ba ka kunna musu fitilar ciki ba, amma mafi yawa a kan birki ne da kwana. In abin ya yi yawa sai su sauka a tasha ta gaba su bar ka da mota fayau. Ni an yi mini wannan da Hausa, kuma ya fi zafi. Shekarata ta farko, cikin azumi, na ɗauko mutane daga Kudai zuwa Harami, mota cike har ƙofa. Wata ƙaramar mota ta yanko gabana a bakin ramin da titi ke ratsawa, na taka birki irin na mai tasi. Ban taɓa kowa ba, amma na ji mutane sun zubo gaba kamar an juye buhu. Wata hajiya 'yar Sakkwato, da jarkar zamzam ɗinta a hannu, ta dafa ƙarfe ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, mutane ka ɗauko ko albasa?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, gabana aka shiga." Ta ce, "Da ka bar masa wuri ai da bai shiga da kai ba." Ban da amsa. Gaskiyarta ce, na manne wa na gaba, ban bar wa kaina filin tsayawa a hankali ba.

Yadda ake yi shi ne ka ɗauke ƙafa daga totur tun kana hango tasha, ka fara birki da wuri da ɗan nauyi, sannan kana kusa da tsayawa ka riƙa sassautawa, ta yadda a mita na ƙarshe kusan babu birki a ƙafarka. Sabon direba akasin haka yake yi, ya fara a hankali ya ƙare da dannawa, shi ya sa mota ke yin sujada ta dawo. Bas mai mita 12 ba kowa a ciki ta haura tan 11, da lodi tana kaiwa 18, kuma rabin mutanen a tsaye suke, wani hannunsa ɗaya na riƙe da waya. Farkon taku a fedar birki ma ba birkin taya ba ne, ritada ce, wani birki na mai da ke cikin giya, shi ne kukan nan da kake ji yana sauka. In ka iya amfani da shi, birkin iska sai ƙarshen tsayawa. Motocin ƙari masu kyau suna ba ka zaɓi tsakanin giyar Voith da ta ZF, kuma ba sauti kawai ya bambanta su ba. Voith DIWA tana jan giyar farko da tsawo, injin ya tsaya a murya ɗaya mota na ƙara gudu, babu fizga, ta dace da layin da tasha ke kusa da tasha. ZF EcoLife giya shida gare ta, tana saurin canzawa, ta fi sakewa a doguwar hanya. Ni a wasa Voith nake ɗauka saboda kukanta, a titi kuwa abin da aka ba ni.

Kwana ita ce inda ƙaramar mota ke ɓata mutum. A bas kana zaune ne a gaban tayoyin gaba, suna bayanka da kusan mita biyu. In ka juya sitiyari lokacin da jikinka ya kai bakin kwana, ka yi wuri, tayar baya za ta hau dakali ko ta kwashe fitilar danja. Sai ka wuce, har ka ji kamar za ka shiga shagon da ke gabanka, hancin motar ya yi shawagi a kan gefen titi, sannan ka naɗe sitiyari da sauri, idonka a madubin ciki na kwanar yana bin tayar baya. Wannan kowa na koya da wuri don wasan na hukunta shi. Wanda ba a lura da shi shi ne wutsiya. Daga tayar baya zuwa ƙarshen mota akwai sama da mita uku, kuma in ka juya hagu wannan guntun dama yake fita. Na taɓa tashi daga gefen titi a Shari'u Mansur, na manne da dakali sosai, na naɗe sitiyari gaba ɗaya tun motar ba ta motsa ba. Gabana fes, ina kallon madubin hagu. Sai na ji "ƙwaram" a baya. Wutsiya ta share teburin wani mai sayar da tsire, tire da yaji da albasa duk a ƙasa. Mutumin kirki ne, da ya ji na yi Hausa sai faɗan ya koma dariya, amma na biya naman, kuma har yau in na wuce yana ɗaga mini wuƙa. Daga tasha ana fita ne a hankali, ka ɗan ja gaba da ƙaramin juyi har wutsiya ta rabu da dakali, sannan ka ƙara.

In motarka mai haɗi ce, doguwar nan ta mita 18 irin wadda ake gani a layukan bas na Makka da Riyad, kada tsawonta ya tsorata ka, a gaba tana bin sawu fiye da yadda kake zato. Ribas ne matsala. Injin yana can baya yana turo ta, kuma in haɗin ya lanƙwashe ya wuce iyaka sai ta yi ƙara ta danne birki da kanta. Gyara kaɗan-kaɗan, in ta fara karyewa ka ja gaba ka miƙe ka sake.

Jadawali kuma, ka zaɓe shi daga menu kafin ka tashi, na'urar za ta riƙa nuna maka ko kana gaba ko kana baya. Kada ka kore lattin minti biyu da gudu, a wurin sayar da tikiti ake cinye lokaci ba a kan titi ba. T na miƙa tikiti, Ctrl da T na ba da canji, in ka gaji da lissafin kuɗin Jamus na da. Abin da ba a yafewa a aikin bas shi ne tashi kafin lokaci. Wanda ka makarar zai hau yana gunaguni, wanda ka tafi ka bari kuwa ya rasa motar gaba ɗaya.

Sitiyari: kada ka saya yanzu. Kibod dai ba ta yi, don maɓalli bai san rabi ba, ko ka danna ko ba ka danna ba, shi ya sa fasinjojinka ke kuka. Amma danna O ka koma tuƙi da linzamin kwamfuta, wato maus: gaba totur, baya birki, hagu da dama juyi, kuma gwargwadon yadda ka matsar gwargwadon abin da za ta yi. Da shi na yi shekara guda, kuma da shi za ka iya yin tsayuwar da na kwatanta maka. In ka yi wata biyu abin bai fita ranka ba, nemi Logitech G29 ko makamancinsa, na hannu ma ya isa, ana samu a Haraj, kasuwar kayan hannu, wurin yaran da suka saya don tseren mota suka gaji. Ka tabbata mai digiri 900 ne, wato juyi biyu da rabi. Masu arha na digiri 180 ko 270 asarar kuɗi ne, ka ɗan taɓa mota ta yi tsalle. A saitin wasan ka raba totur da birki kowanne da layinsa (axis), in ka ga mota na gudu ba ka taka komai ba to layin a juye yake, akwai wurin juya shi. Kuma ka sani ko 900 ɗin bai kai na gaske ba, sitiyarin bas ya fi haka juyi, ga faɗi kamar faranti.

Saura batun lasisi. Zai taimake ka, amma ba a inda kake zato ba. Motocin da aka zuba a Riyad tun da aka fara layukan bas a Maris 2023, Mercedes Citaro ne da MAN Lion's City, waɗanda aka ƙara wa ƙarfin mukayyif, wato na'urar sanyi, saboda zafinmu, kuma dangin waɗannan biyun suna da yawa a motocin ƙari na OMSI. Ranar da ka zauna a kujerar gaske ba za ka yi baƙunta ba: ka san jiran iska, ka san abin da ke riƙe mota in ƙofa na buɗe, ka san kallon madubi kafin ka rufe ƙofa, ka san jinkirta kwana. Na ga yaran da suka zo koyo ba su san ko ɗaya ba, na ga kuma wani da malaminsa ya tambaye shi a ina ya taɓa tuƙa bas, ya ji kunyar cewa a ɗakinsa. Abin da kwamfuta ba za ta ba ka ba shi ne nauyi. Direba da mazauninsa yake jin mota, kafin allura ta nuna komai jikinsa ya gaya masa ta fara rinjaya ko birki ya yi laushi. Sannan motocin wasan Jamusawa ne, suna ba da sigina, suna tsayawa a layinsu, in ka kunna sigina za ka fita daga tasha ma wani lokaci su dakata maka. Babu mai yanko layi uku don ya kama gada, babu mai ajiye mota a tasharka ya shiga shago sayen ruwa, babu tururuwar mutane bayan tarawihi da ke ratsa gabanka ta inda madubi bai kai ba. Kuma a wasa in ka taka danja babu Sahir, kyamarar kama masu laifin titi, da zai turo maka saƙo kafin ka isa gida. Makarantar tuƙi da gwajin Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ba makawa, kuma kafin ka kashe ko riyal ɗaya ka bincika ko sana'ar da ke kan iƙamarka, wato takardar zamanka, ta ba ka damar neman wannan rukunin lasisi, don a nan mutane da yawa ke tsayawa.

Yau da daddare ka ɗauki motar ka kai ta Grundorf, ka sa 07600, ka yi zuwa da dawowa uku da linzami ba tare da jadawali ba. Ka ajiye kofin shayi cike a zuciyarka a kan dashbod. In akwai abin da ya sake rufewa, turo mini sunan motar da layuka goma na ƙarshe na logfile.txt, in na sauka daga aiki zan duba.